Abin da Garmar Malam Haladu Ta Tono

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune ina wanke-wanke a tsakar gida sai na ji salati ta bayan katanga. Muryar Malam Haladu ce, mai gidan da muke haya, wanda gonarsa ta dangana da bangonmu. Tun da sassafe yake huɗa da shanu, don ruwan farko ya sauka ranar Litinin. Na ɗauka maciji ya gani. Na taka turmi na leƙa, sai na hango garma a kife, shi da maza uku sun zagaye wani abu a ƙasa, ba wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Da ɗayansu ya matsa gefe sai na ga jan ƙyalle. Allah ya sani, saura kaɗan in faɗo daga kan turmin, domin na san ƙyallen nan. Ragowar yadin da na ɗinka wa 'yata Comfort rigar Kirsimeti ne.

Bari in faɗi yadda aka yi ya je can, don kada a ɗauke ni mahaukaciya, ko da yake ni ma na sha kiran kaina haka a kwanakin nan.

Sunana Rifkatu, 'yar Kaltungo. Mijina Nathaniel yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar nan ta Wudil, shekararmu huɗu a garin. Ba mu sami gida a cikin makaranta ba, sai muka kama haya a bakin gari, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Mu kaɗai ne Kirista a layin. 'Ya'ya biyu Allah ya ba mu, dukansu masu sikila. Babban, Elisha, ya rasu kafin mu zo nan, yana da shekara goma cif. Ruwan sama ne ya dake shi a hanyar dawowa daga makaranta, ciwon ya tashi, kwana uku muka yi a asibiti muka dawo babu shi. Tun daga ranar na ce Comfort ba za ta taka ƙofar makaranta ba. Shekara takwas na yi ina koyarwa a firamare, to me zai hana in koyar da ɗiya ɗaya tilo a ɗakina? Mutane sun yi ta surutu, har surukata ta ce na mai da yarinya kazar gida. Na ce su yi ta yi, ba su suka binne yaro ba.

Lissafi da Turanci da Littafi Mai Tsarki duk ba su ba ni wahala ba. Tarihi ne ban san ta inda zan kama ba, sai da Grace, matar wani malamin jami'a, ta bar mana wani littafi da za su koma Yola. Ƙato ne, da Turanci, bangonsa ya yage, cike da hotuna masu launi. Tarihin duniya ne aka rubuta don yara, tun daga masu zama a kogo har zuwa jirgin sama. Comfort ta kamu da son littafin nan har da shi take cin abinci. A ƙarshen kowane babi akwai wani ɗan aikin hannu da ake so yaro ya yi, kuma nan ne tsautsayina ya ɓuya. Mutumin da ya rubuta littafin nan, ko ina yake, Allah ya yafe masa, don na tabbata bai taɓa kwana a Wudil ba.

Babin farko ya yi bayanin masu tona ƙasa su gano yadda mutanen zamanin da suka yi rayuwa. Aikin ƙarshensa ya ce a tara tarkacen gida a binne, a bar su mako biyu, sannan yaro ya tono da cokali ya faɗi irin mutanen da suka bar su. Babi na uku kuma a kan wasu mutane ne da suka zauna tsakanin koguna biyu, masu rubutu a kan yumɓu da tsinin kara. Ni da iyayina sai na ce mu haɗa biyun. Na sayo yumɓu wajen masu ginin tukwane, Comfort ta zauna kwana biyu tana ƙirƙirar wa kowane harafi alamarsa, ta jera su a littafin rubutunta. Ta yi alluna uku, biyu ƙanana, ɗaya ya kai faɗin hannun babba, ta rubuce shi ciki da baya. Ƙananan ta nuna mini. Babban ta ce sirrinta ne, sai ranar tonowa. Na yi dariya na gasa mata su a gawayi, don littafin ya ce gasassu su ne suka fi daɗewa.

To ga abin da na zuba a ƙaramar tukunya tare da allunan: ƙasusuwan kazar da muka ci ranar Lahadi, tsohon anini mai huda da na gada wajen kakata, duwatsun wuya biyar, da rabin matajina da ya karye, ko gashin da ke jikinsa ban cire ba. Na naɗe su a jan ƙyalle don kada ƙasa ta shiga, na kifa fasasshiyar ƙwarya a kai. Tsakar gidanmu siminti ne, sai na zagaya bayan katanga da tsakar rana, lokacin rani ne ba kowa a gona, na haƙa rami na binne. Ni da na girma ina jin labarin tukwanen da ake binne wa mutane a ƙofar gida, ni da na san me jan ƙyalle da gashi suke nufi a ƙasar nan, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Darasi kawai nake gani.

Kwana biyar da binnewa ciwon Comfort ya tashi. Nathaniel yana wurin aiki, wayarsa a kashe. Malam Haladu ne ya bar abin da yake yi ya ɗauke mu a babur ɗinsa, ni a baya rungume da ita tana kukan ƙashinta. Kwana tara muka yi a asibiti, har da ƙarin jini. Matarsa Safara'u, da cikinta wata biyar, kullum sai ta kawo mana kunu a fulas. Ba yau ta fara ba. Duk lokacin da ciwon ya tashi ita take dafa ruwan zafi, ita take zama tana gasa wa yarinyar ƙafafu. Ba ni da uwa ko 'yar'uwa a Wudil, mutanen nan su ne dangina, kuma ba don su ba ban san ko da yanzu ina da 'ya ba. Da muka dawo gida na manta da tukunya kwata-kwata. Wata uku tana cikin ƙasa.

A cikin wata ukun nan kuwa Safara'u ta yi ɓari, ni na yi mata farfesu na kai mata. Bayan nan ɗaya daga cikin shanun Malam Haladu ya kwanta ya mutu ba ciwon fari. Yanzu ga garma ta tono tukunya da gashin mace a ciki.

Na sauko daga turmin na kulle ƙofa. Comfort tana ɗaki, amma kunnenta kamar na ɓera, ta riga ta ji. Ba ta tambaye ni komai ba sai ko sun fasa allunan. Na ce ta rufe mini baki, kada in ji ta ƙara ambaton alluna a gidan nan. Rannan ba mu yi karatu ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a layin sai gabana ya faɗi, duk sallamar da aka yi a maƙwabta sai in ji kamar sunana ake kira. Tuwon da na tuƙa ya yi gudaji, na zubar wa kaji.

Na kira Nathaniel, yana Zariya wajen wani kwas na mako uku. Da na gaya masa sai ya ce in yi shiru, in bar shi ya dawo, saura kwana goma. Ya ce ba wanda ya gan ni, kuma ya san yadda ƙaramar magana take zama babba idan ta haɗa da baƙo. Na ce ai Malam Haladu mutumin kirki ne. Ya ce ya sani, amma ba Malam Haladu kaɗai ne a layin ba, kuma ko shi ɗin, mutumin da ya rasa ɗa da sa ba ya jin bayanin littafi. Mafi sauƙin abin da zai faru, in ji shi, a ce mana mu tattara mu bar gidan, to ina za mu kai Comfort da damina ta kama, in ciwon ya tashi wa zai taimake mu? Na zage shi da matsoraci na kashe wayar. Gaskiya kuwa na fi shi tsoro, shi ya sa na ji haushinsa.

Ranar Alhamis da safe Safara'u ta ƙwanƙwasa. Na buɗe mata. Muka gaisa, ta tambayi kwana, ta tambayi jikin Comfort, ta tambayi mai gida da Zariya, duk na amsa ban san me nake cewa ba. Ta zauna a kan tabarma sai hawaye.

"Maman Comfort, kin ji abin da aka yi mana?" Ta ce gashinta ne a ciki, kowa ya faɗa, shi ya sa cikin ya zube. Ta ce tun jiya take tunanin wa ta taɓa ɓata wa rai a duniya.

Gashina ne, har da furfurar da ta fara fito mini a gefen kunne. Amma na kama hannunta na ce Allah ya kiyaye gaba, Allah ya tona asirin mugu. Da bakina na faɗi haka. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan safiyar ba.

A nan ta gaya mini wanda ake zargi. Ƙasimu ne, wan Malam Haladu da ke zaune a Ɗankaza, wanda suka daɗe suna 'yar jayayya a kan iyakar gonar gado. Liman ya ce a ƙona tukunyar, a yi addu'a, kada a ɗora wa kowa laifi ba shaida. Malam Haladu ya ƙi. Ya kife ta da daro a zaure, ya ɗora dutse, ya ce gobe bayan Juma'a zai kai ta gaban mai unguwa a kira Ƙasimu. Har ya rantse in ya mutu kada Ƙasimu ya sallaci gawarsa. Ba zan ɓoye ba, da na ji an ambaci wani ba ni ba, wani sanyi ne ya fara ratsa ni. Kunyar ta zo daga baya.

Da la'asar na ji hayaniya na leƙa ta kafar ƙofa. Wani dattijo ne siriri ya jingine keke a gindin darbejiya, hularsa ta koɗe, ƙafafunsa duk taɓo. Ƙasimu ne, ya ji labarin tukunya ya taho jajanta wa ƙaninsa, bai san shi ake zargi ba. Malam Haladu ya fito daga zaure, ga mutane zazzaune. Dattijon ya miƙa hannu biyu. Malam Haladu ya dubi hannun, ya tofar da yawu gefe, ya juya ya koma ciki. Dattijon nan ya tsaya da hannunsa a miƙe yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗago kai. Da ya gaji ya goge hannun a rigarsa ya ja kekensa, bai ma hau ba, turawa ya yi ta yi har ya sha kwana.

Wannan hannun shi ya hana ni sakat. Na yi addu'a, na buɗe Zabura na rufe, na ɗauko akwati na fara zuba kayan Comfort a ciki ko da za a ce mu tashi a ranar, na sake zazzage su. Na ƙirga gidajen abokan aikin Nathaniel da za su iya karɓarmu, ban sami ko ɗaya da zan iya buga wa ƙofa in ce yarinya ba ta numfashi ba.

Ranar Juma'a da hantsi na yafa gyale, na ɗauki littafin tarihin, da littafin rubutun Comfort, da rigar Kirsimeti, da ɗaya rabin matajin. Ban kira Nathaniel ba. Na ce wa Comfort ta sa takalmi. Tsakanin ƙofarmu da tasu taku ashirin ne, amma sai da na tsaya sau biyu.

Safara'u tana tankaɗe. Ban bari mun gama gaisuwa ba, don na san in na tsaya ba zan iya ba. Na durƙusa na ce tukunyar nan ni na binne ta, gashin nawa ne, Ƙasimu bai san komai ba. Na fara zuba bayanin littafi da darasi da mutanen tsakanin koguna biyu, ni kaina ina jin yadda maganar take fita kamar ta mai neman mafaka. Ta ajiye rariyar a hankali. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta janye ƙafarta daga kusa da gwiwata, ta ce, "Farfesun da kika kawo mini fa?"

Na ce kaza ce da citta da barkono, na rantse da Allahn da ya halicce mu. Ta tashi ta kira mijinta.

Ya shigo da daron da kansa, ya ajiye a tsakar gida ya buɗe. Ya tsaya ya saurare ni har ƙarshe, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na shimfiɗa rigar kusa da ƙyallen, yadi ɗaya. Na ajiye rabin matajin kusa da ɗan'uwansa, karayar ta hau daidai. Na buɗe masa shafin da Turawa suke tsugune cikin rami da cokula. Ya duba hoton ya rufe littafin.

"Na yarda ke kika binne," in ji shi. "Wannan kin tabbatar mini. Abin da ban sani ba shi ne me kika rubuta a jikin ƙasar nan. Wannan ba boko ba ne, ba ajami ba ne."

Na ce Comfort ce ta rubuta, kuma za ta karanta masa. Ya ce a'a, kowa zai iya kallon zane ya faɗi abin da ya ga dama. Sai na miƙa masa littafin rubutun, na nuna masa shafin da ta jera haruffa, kowanne da alamarsa a gefe. Ya gama firamare, yana karanta Hausar boko a hankali. Ya jawo kujera 'yar tsuguno, ya yi bisimilla, ya karyo tsinke daga tsintsiya don har lokacin bai yarda ya taɓa allunan da hannu ba.

Ya daɗe a kan na farko. Yana duba alama, ya duba littafi, ya motsa leɓe. Ni ina durƙushe, Safara'u tana tsaye can bakin madafi ta harɗe hannu. Can ya ce, "Kaza. Akuya. Jaki." Ya ɗago ya dubi Comfort, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Na biyu ya fi sauri, don ya fara gane alamomin. Baba, Mama, Comfort, Wudil. Na fara jin numfashina yana dawowa.

Ya kai tsinken kan babban allon sai Comfort ta matso ta kifa tafin hannunta a kai.

"Baba Haladu, don Allah wannan kar ka karanta."

Na ga murmushin ya ɓace daga fuskarsa, na ga Safara'u ta saki hannunta ta matso taku ɗaya. Duk abin da na gina a cikin awa guda yarinyar nan ta rushe shi da magana ɗaya. Ni kaina ban san me ke jikin allon ba. Gidan kawai nake gani, da akwatin da na zazzage jiya. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba tun da na haife ta, na fizge hannunta daga kan allon da ƙarfi, hannun da nake lallaɓawa kamar ƙwai. Na ce Malam ya karanta duka, ciki da baya. Ta koma jikin bango ta tsuguna ta sa kai a gwiwa.

Ya fara. Kalma ɗaya, ya tsaya ya duba, sannan ta gaba.

"Ni Comfort. Shekarata tara." Ya bi layi na biyu da tsinke. "Elisha... ya tsaya... a goma."

Ya dube ni yana neman bayani. Safara'u ce ta ce masa a hankali, wan yarinyar ne, wanda ya rasu. Ya ajiye tsinken, ya sa hannunsa ya juya allon. Ya daɗe a kan bayan fiye da yadda ya kamata, leɓensa ya gama motsi amma bai ce komai ba. Na ce ya faɗa. Ya ce in yi haƙuri. Na ce ya faɗa mini, 'yata ce.

"In na tsaya, ba laifin Mama ba ne."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. A watan Agusta Comfort za ta cika goma. Ni ina ƙirga watannin a ɓoye, ban taɓa faɗa wa ko Nathaniel ba, ashe ita ma tana ƙirgawa a ɗakin da muke zaune tare kullum. Littafin ya gaya mata cewa mutanen da suka shuɗe an san da su ne saboda abin da suka bari a gasasshen yumɓu, ita kuma ta zauna ta rubuta nata, ni na gasa mata da hannuna ina dariya.

Safara'u ce ta fara motsawa. Ta wuce ni ta je jikin bango, ta ɗago yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta duba wuyan hannun da na fizga tana murzawa a hankali. Kuka take, tana ce mata ke da za ki yi jikoki, wa ya ce miki ana tsayawa. Malam Haladu ya share fuska da hannun riga. Ya zuba ƙasusuwan da ƙwaryar a daro, ya miƙo mini aninin kakata da duwatsun. Allon kuma ya ba ni shi da hannu biyu.

"Maman Comfort, wannan ba na binnewa ba ne. Ki kai shi ɗaki." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce da na faɗa masa tun Laraba, da bai tofar da yawu a gaban wansa ba. Wannan maganar ta shige ni. Ya ce wa Safara'u ta ɗauko masa makullin babur, zai je Ɗankaza, a can zai yi Juma'a in Ƙasimu ya yarda ya tsaya kusa da shi a sahu.

Ina durƙushe ina jiran ɗaya maganar, wadda na zo dominta. Bai yi ta ba har ya kai bakin zaure. Na kasa daurewa na ce, Malam, gidan fa? Ya juyo yana dubana kamar bai gane ba. Sai ya ce ranar Litinin ya lura kwanon ɗakin yarinyar ya ɗaga ta kusurwar gabas, gobe zai hau ya buga masa ƙusa kafin ruwa ya yi ƙarfi, kada sanyi ya kama ta. Ya fita.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Akwai matar da har yau in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri, kuma Ƙasimu bai sake takowa layinmu ba sai bayan girbi. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba a ranar.

Da muka koma gida Comfort ta shige ɗaki ba ta kula ni ba. Na bi ta na zauna a bakin gado, na ba ta haƙurin hannunta. Na tambaye ta wa ya gaya mata maganar goma, don in san wanda zan ci wa mutunci. Ta ce ba kowa. Ta ce duk lokacin da hadari ya taso, ina barin abin da nake yi in tsaya ina kallonta, kuma irin kallon da na yi wa Elisha ne a asibiti. Shekararta biyar a lokacin, na ɗauka ba ta riƙe komai ba.

Da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kwanon da ya ɗaga. Kullum a irin wannan lokacin nakan tura ta ƙuryar ɗaki, in rufe taga, in lulluɓe ta da bargo biyu har ruwa ya ɗauke. Tana tsakar gida ta ɗago ta dubi sama, ta dubi fuskata, ta miƙe da kanta ta nufi ɗaki. Na ce ta dakata. Na sa mata suwaita da safa, na jawo tabarma bakin ƙofa inda feshi ba ya kaiwa, na zauna na zaunar da ita a gabana. Ruwan ya sauko da ƙarfi, yana dukan siminti yana tsalle, ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Shekara huɗu tana Wudil ba ta taɓa ganin saukarsa ba sai dai ta ji shi a kan kwano. Ta buɗe baki tana kallo. Ni kuwa tsoro kamar ya kashe ni, na riƙe idon sawunta ina jin ko ya fara sanyi.

"Mama, hannunki yana rawa."

Na ce na sani, ta zauna.